Yadda Ake Gane Tsohuwar Jita Mai Kyau Kafin a Biya Kuɗi

Tambaya: Na ɗan jima ina kaɗa jita, irin wadda ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma ina yawan jin makaɗa suna cewa tsohuwa ta fi sabuwa daɗin murya. Ina so in sayi ta hannu wadda ta kwana biyu a duniya, amma kuɗina ba su da yawa, kuma ina tsoron a haɗa ni da gawa. Wace iri zan nema, a ina, kuma me zan duba?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin maganar aka gaya maka. Katakon jita yana ci gaba da bushewa da sauyawa shekaru masu yawa bayan an gama ƙera ta, kuma akasarin makaɗa da masu gyara sun yarda cewa jita mai kyau da aka daɗe ana kaɗawa muryarta tana ƙara buɗewa. Sai dai shekarun da suka gyara muryar su ne kuma suke cin jikinta. Tsirkiyoyin ƙarfe guda 6 suna jan wuya da fuskar jita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 85, gwargwadon kaurinsu, dare da rana, kuma jitar da aka ƙera a 1972 ta shafe fiye da shekara 50 tana ɗauke da wannan nauyi. Don haka abin da za ka fara saye shi ne lafiyar jikinta, musamman tsayuwar wuyanta, sannan suna da shekara su biyo baya.

Zan fara da sunaye, tunda su ne suka fi ruɗar masu saye. Idan aka ce tsohuwar jita a kasuwannin Amurka da Turai, Martin da Gibson ake fara nufi. An kafa kamfanin Martin a 1833, kuma har yau yana garin Nazareth a jihar Pennsylvania. Samfurorinsa D-18 da D-28 na shekarun 1930 zuwa 1944 su ne masu tara kayan tarihi suke rububi a kansu, domin a lokacin ana fere sandunan katakon da ke tallafe fuskar jita daga ciki har su yi sirara, abin da ke barin fuskar ta motsa sosai ta ba da murya mai ƙarfi. A ƙarshen 1944 kamfanin ya daina wannan feraya. Gibson kuwa, da ke Kalamazoo a jihar Michigan a wancan zamani, ya fitar da J-45 a 1942. Jitocin wancan zamani ana maganar dubban daloli masu yawa a kansu, wasu ma dubun-dubata, saboda haka idan wani ya nuna maka ɗaya a shagon kayan gwanjo a kan farashin sabuwar waya, ka ɗauka jabu ce har sai an tabbatar maka da akasin haka.

Na shekarun 1970 sun fi sauƙin kuɗi, kuma akwai dalili. A ƙarshen 1969 Martin ya bar katakon rozwud na Brazil ya koma na Indiya, ya kuma ƙara girman allon da ke ƙarƙashin jaki (katakon fuska da tsirkiyoyi ke ƙarewa a kansa) daga ciki, sannan sai a 1985 ya fara sa sandar ƙarfen da ake iya juyawa a cikin wuya. Gibson na shekarun 1970 an ninka masa sandunan ciki don rage dawo da kaya gyara, sai murya ta daƙushe a da yawa daga cikinsu. Akwai masu kyau a cikin waɗannan, amma sai an zaɓa da kunne. Wanda ke da hali kuma yake son ta Amurka, ina ganin ya fi masa ya nemi Guild da aka yi a Westerly ta jihar Rhode Island, irin su D-25 da D-35 da D-40, domin aikinsu mai ƙwari ne kuma farashinsu bai kamo na Martin da Gibson ba.

Amma ga mai aljihu irin wanda ka kwatanta, kuma mazaunin ƙasa irin tamu, ni dai Japan zan nuna maka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980. Yamaha ta fitar da FG-150 da FG-180 a 1966, kuma waɗanda ke da jar takarda a ciki mai ɗauke da sunan Nippon Gakki, ciki har da FG-110 da FG-140 da FG-300, har yau ana nemansu saboda rashin nauyinsu da ƙarfin muryarsu. Bayan su akwai Morris da Yairi da Takamine, da Cat's Eyes na kamfanin Tokai, da kuma Sigma, wadda Martin da kansa ya fara sa a yi masa a Japan a 1970. Da yawa daga cikin waɗannan an yi su ne da katako mai hawa-hawa, wato siraran falle uku da aka manne, wanda masu tara kayan tarihi suke rainawa. A wurinmu wannan abin rainin alheri ne, domin irin wannan katako ba ya saurin tsagewa idan iska ta bushe. Daga Turai za ka iya cin karo da Eko Ranger ta Italiya, wadda take da nauyi kuma muryarta ba ta kai ta Yamaha ba, amma wuyanta da kusoshi masu murɗi aka ɗaure shi, saboda haka gyaran da ya fi kowane tsada a sauran jitoci, wato sake dasa wuya, ita da sukuddireba ake yi mata shi. Levin ta Sweden da Harmony Sovereign ta Chicago akasarinsu katako ne tsantsa kuma suna da murya, sai dai da wuya ka sami Harmony da wuyanta bai sunkuya ba.

Gane katako tsantsa ba shi da wahala. Ka dubi gefen ramin da ke tsakiyar fuska da kyau: idan layukan katakon da kake gani a sama sun gangara sun ratsa kaurin allon har ƙasa, tsantsa ne, idan kuwa ka ga hawa-hawa kamar an jera takardu, mannawa aka yi. A bayan jita kuma, sai ka gwada zanen katakon na waje da wanda kake hangowa ta cikin ramin, in sun yi daidai da juna allo ɗaya ne.

Yanzu ga babbar magana, wato wuya. Kafin ka auna komai, sai ka tabbatar an ɗaure tsirkiyoyin sun kai daidai sautinsu, ka gwada da manhajar saita sauti a wayarka, domin jitar da aka sassauta wa tsirkiya tana ɓoye kusan duk cututtukanta, kuma wasu masu sayarwa sun san haka. Idan ta kai sauti, ka auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da saman firet na 12, wato sandar ƙarfe ta 12 a jerin waɗanda ke kan wuya. Abin da ake so shi ne kimanin milimita 2.5 a tsirkiya mafi kauri da kimanin milimita 2 a mafi siranta. Daga nan sai ka juya ga jaki, katakon nan da aka manna a fuska wanda tsirkiyoyi ke ƙarewa a kansa, ka dubi farin ƙashin da ke tsaye a cikinsa. Waɗannan abubuwa biyu tare ake karanta su. Idan tsirkiyoyi sun yi sama amma ƙashin yana da tsayi, kamar milimita 3 ko fiye a saman jaki, babu damuwa, goge shi za a yi a rage shi cikin ɗan lokaci. Idan kuwa tsirkiyoyi sun yi sama alhali ƙashin ya riga ya ƙare, da ƙyar yake leƙowa daga raminsa, to wuyan ya sunkuya zuwa ciki kuma babu sauran abin ragewa. Akwai hali na uku da ya fi yaudara: tsirkiyoyi suna ƙasa, jita tana da daɗin kamawa, amma an goge ƙashin ya kwanta, wani lokaci har jakin kansa an fere shi ya zama siriri. Irin wannan an ɓoye cutar ne kawai, kuma za ka ji muryarta ta yi rauni saboda tsirkiyoyin ba sa danna ƙashin da ƙarfi.

Idan za ka iya tafiya da rula ta ƙarfe mai tsawon santimita 60, gwajin ya fi sauƙi. Ka kwantar da gefenta a kan firet-firet, tsakanin tsirkiya ta uku da ta huɗu, ka tura ta a hankali zuwa jaki. A jita mai lafiya bakin rular zai sauka a saman katakon jaki ko ya ɗan shafe shi. Idan ya je ya daki gaban jakin, milimita 2 ko 3 ƙasa da samansa, jitar tana buƙatar a cire wuyan a sake dasa shi.

Na daɗe a kan wannan ne saboda sake dasa wuya shi ne aikin da ke raba ciniki mai riba da asara. Sai an cire firet ɗaya an huda rami, an tura tururi ya narkar da gam, an zare wuyan daga mahaɗarsa, an fere dunduniyarsa da awo mai tsanani, sannan a mayar. A Amurka aikin yana cin ɗaruruwan daloli, a wajenmu kuwa masu iya shi ƙalilan ne, kuma ba aikin da za a miƙa wa kafinta ba ne komai ƙwarewarsa a kujera da ƙofa. Tsofaffin Yamaha da na yaba musu a sama sun yi suna wajen wahalar cire wuya, kuma kuɗin aikin yakan wuce darajar jitar, don haka su ne ma suka fi buƙatar ka yi musu wannan gwaji ba sani ba sabo. Kada kuma ka yarda da mai cewa za a gyara da juya sandar cikin wuya. Aikin wannan sanda shi ne daidaita ɗan lanƙwasar tsakiyar wuya, ba ta taɓa kusurwar da wuya ya haɗu da gangar jiki. Ana gwada lanƙwasar ne ta danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da na 14 lokaci guda, a dubi tazarar da ta rage a firet na 7, wadda bai kamata ta wuce kaurin katin gaisuwa ba. Idan jitar tana da sandar, ka roƙi a ɗan juya ta a gabanka don ka san tana aiki, sannan ka ɗaga jitar ka hangi wuyan daga kai zuwa jiki, domin wuyan da ya murɗe gefe guda ya fi wanda ya sunkuya muni.

Bayan wuya sai fuska. Ɗan tudu a bayan jaki abu ne da aka saba gani a tsohuwar jita, har wasu suna ɗaukarsa alamar an yi fuskar da sirantar da ta dace. Abin tsoro shi ne tudu mai tsini a baya haɗe da kwari a gaban jaki, ta wajen rami, domin wannan yana nuna sandunan ciki sun saki. Ka ɗauki yankin takarda ka gwada tura shi ƙarƙashin gefen jaki na baya: idan ya shige, jakin ya fara ɗagowa, wanda gyara ne mai sauƙi in an yi shi da wuri. Ka ƙwanƙwasa fuska da baya da gaɓar yatsa wuri-wuri kana saurare, inda sanda ta saki za ka ji wata ƙara-ƙara maimakon amo mai tsabta. Sannan ka sassauta tsirkiyoyi ka sa ƙaramin madubi da tocila a ciki, ko ka zura waya ka ɗauki hoto. Abin da kake nema shi ne sandar da ta tsage ko ta rabu da allo, da tarin gam da wani ya malala don ɓoye ɓarna, da kuma halin allon da ke ƙarƙashin jaki, inda ƙwallayen ƙarshen tsirkiya sukan cinye katakon har su nutse a ciki. Ka kuma shinshina ramin. Warin rima yana nuna ta kwana a wuri mai laima, ƙila cikin kwantena, kuma laima tana sakin gam a ko'ina. Ƙananan huji masu zubar da garin katako alamar ƙwaro ne, kuma irin wannan ko kyauta aka ba ka kada ka ajiye ta kusa da wata jita.

Tsaga iri-iri ce, kuma ba kowace ce abin gudu ba. Wadda ta bi tsawon layin katako ana manne ta a tallafe ta da ƙananan faci daga ciki, ta zauna shekara da shekaru ba tare da ta taɓa murya ba. Tsofaffin Martin da yawa suna da irin wannan a gefen robar da ke kare fuska daga karce, saboda an manna robar a kan katako kai tsaye, da ta tsufa ta tsuke sai ta ja allon ya tsage. Wadda ta ratsa layin katako a gicciye, ko ta kama dunduniyar wuya, ko karayar kai a bayan makullan tsirkiya, waɗannan sai da idon gwani. Idan ka ga an shafa fenti mai duhu a bayan wuya daidai wurin da kai ya fara, ka tambayi dalili. Hanya mai sauƙi ta gano tsagar da ido bai kama ba ita ce a kunna tocila a cikin jita a ɗaki mai duhu, haske zai fito ta duk inda allon ya buɗe.

Firet-firet da makullai da ƙashi duk kayan canji ne, bai kamata su hana ciniki ba, amma su shiga lissafi. Ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet daga farko har ƙarshe kana neman inda take zuza ko take mutuwa, ka kuma gwada ko sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsirkiyar a sake, domin idan ya kauce da yawa ƙila an dasa jakin ba a wurinsa ba.

Akwai tarko guda da ya yawaita a kasuwanninmu wanda dole in ja kunnenka a kansa, wato jitar da aka ƙera don tsirkiyar nailan amma aka ɗaura mata ta ƙarfe. Za ka gane ta da faɗin wuya, da kai mai dogayen ramuka biyu, da jakin da ake ƙulla tsirkiya a jikinsa maimakon a soke ta da ƙusar roba. Nailan yana ja da kimanin kilo 40 ne kawai, kuma yawancin irin wannan jita ba ta da sandar ƙarfe a wuya, saboda haka tsirkiyar ƙarfe tana ninka mata nauyi har ta lanƙwasa wuyan ta ɗaga jakin. Haka nan jita mai tsirkiya 12, komai daɗin muryarta a shago, ban ba ka shawarar ta zama tsohuwar jitarka ta farko ba.

Game da tabbatar da asali, Martin ya fi kowa sauƙi, domin tun 1898 lambobinsa a jere suke, kuma ana buga su a kan katakon da wuya ya shiga daga ciki, inda za ka hango su ta rami, sannan jadawalin shekarun yana nan a intanet. Lambobin Gibson na shekarun 1960 an maimaita wasunsu, don haka lamba kaɗai ba ta isa hujja ba. Jabun Martin da Gibson suna yawo, kuma yawanci cikinsu ne yake tona musu asiri, da aikin gaggawa da gam ko'ina. Jitar asali da aka sake wa fenti ko aka canza wa makullai darajarta tana faɗuwa sosai a wurin masu tarawa, wanda hakan dama ce gare ka, tunda kai kaɗawa za ka yi.

Wurin nema kuwa, ka fara da mutanen da suke kaɗawa: makaɗan coci, da 'yan ƙungiyoyin kiɗa, da malaman kiɗa a makarantu, domin jitar da ke hannun mai amfani da ita takan fi wadda ta kwana a sito lafiya, kuma za ka san tarihinta. Sai shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano da kasuwar Alaba a Legas, da masu shigo da kayan Beljiyam, waɗanda sau da yawa ba sa bambanta mai daraja da ta wasan yara, abin da kan zama riba ko asara gwargwadon idon mai saye. A Jiji da Facebook kada ka tura kuɗi sai ka riƙe jitar a hannunka. Shafukan ciniki na intanet irin su Reverb da eBay da kasuwannin gwanjon Japan suna da zaɓi mai yawa, amma cinikin biri a sama ne idan ba ka nemi hotunan da suka dace ba: rula a tsaye a firet na 12 da tsirkiyoyi a ɗaure, da ƙashin jaki daga gefe, da bayan kai, da dunduniyar wuya, da ciki. Mai sayarwar da ya ƙi ba da waɗannan ya riga ya ba ka amsa. Ka haɗa kuɗin jigila da na kwastam a lissafinka, ka kuma sani cewa tun 1992 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta sa rozwud na Brazil a jerin da aka fi tsaurara wa, saboda haka jitar da ke da shi ba ta tsallaka iyaka bisa doka sai da takardu. Sauran nau'o'in rozwud an sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa da su tun ƙarshen 2019.

A wajen ciniki, farashin gaskiya shi ne kuɗin jita haɗe da kuɗin gyaranta, don haka ka lissafa abin da ka gano ɗaya bayan ɗaya a gaban mai ita, cikin mutunci, ka nemi ragi a kansu. Yana da kyau ka tafi da sabon saitin tsirkiya ka nemi izinin ɗaurawa, domin tsirkiyar da ta yi tsatsa tana kashe muryar jita mai kyau, kuma ka sa wani ya kaɗa kai kuma ka koma gabanta ka saurara, tunda abin da mai kaɗawa ke ji daban yake da abin da ke fita.

Saura maganar yanayi, wadda ta shafe mu fiye da yawancin masu rubutu a kan wannan batu. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a Kano ko Zinder lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan damina ta zo ta cika katakon da laima. Jita ta katako tsantsa da ta taso daga Japan ko Ingila, ko ma daga Legas, tana iya tsagewa a hunturunta na farko a Arewa. Wannan ne ya sa nake fifita wadda ta riga ta yi shekaru a yankinmu ba ta tsage ba, kuma hunturu ne lokacin da ya fi dacewa a duba ta, domin a lokacin ne tsagar da damina ta rufe take buɗewa, bakin firet-firet kuma su fito su riƙa karce hannu. Idan ka saya, ka nemi akwati mai rufewa sosai, ka jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, ka sa shi cikin gidan sabulu da aka huhhuda, ka ajiye a cikin akwatin daga Nuwamba zuwa Maris kana sake jiƙa shi duk bayan 'yan kwanaki, da damina kuma ka cire shi. Kada ka bar ta a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka, domin zafi yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da jaki da sandunan ciki. Ka ɗaura mata tsirkiya marar kauri, mai lamba 11 ko 12, kuma idan za ka yi wata guda ko fiye ba ka taɓa ta ba, ka ɗan sassauta makullan kafin ka rufe akwatin.